Kwamfuta mai mutuwa da kanta ana tsaka da aiki: yadda zaka gano ciwonta kafin a ce maka sai fomatin

Cikin watan Afrilu ne, irin zafin nan na Kano da ko fanka iskar wuta take hurowa, ƙanwata ta kira ni rai a ɓace wai Yaya laftof ɗin nan ta sake mutuwa, tana cikin taifin ɗin babi na uku na firojet ɗinta kawai sai ɗif, ba gargaɗi ba sallama, kuma karo na huɗu kenan a ranar. Abin haushin sau biyu ana kai ta wajen wani mai gyara, sau biyun kuma fomatin yayi mata ya karɓi kuɗinsa, ta kwana biyu lafiya ta koma gidan jiya. Da na kwance bayanta abinda na tarar a bakin fanka kamar an yago audugar katifa an cusa, ƙura ce ta haɗu da zaren bargo ta dunƙule ta toshe hanyar iska ruf. Da tsinken sakace na zaro ta, ta fito a dunƙule guda ɗaya kamar tsumma. Tun ranar bata sake mutuwa ba.

Shi yasa nake cewa yawancin fomatin ɗin da ake yi wa irin wannan kwamfuta an bar jaki ne ana dukan taiki. Windows in zata lalace tana da nata salon, ko ta nuna shuɗin sikirin, ko ta daskare, ko tayi nauyi. Amma kwamfuta ta ɗauke gaba ɗaya kamar an zare wayarta daga bango, wannan galibi zafi ne ko wuta, kuma ko sau goma ka sake sa Windows ba zai cire ƙura daga fanka ba.

Kafin komai dai, in har tana iya tashi ko na minti goma ne, kwashe abubuwanka masu muhimmanci zuwa filash ko wani had disk na waje. Hotuna, takardu, firojet, lissafin shago. Kar kace sai anjima, kowace mutuwar bazata tana iya tafiya da fayil ɗin da yake buɗe a lokacin.

Mataki na farko: kalli yadda take mutuwa

Nan ne mutane suke gaggawa, alhali rabin aikin a nan yake. Samu takarda da biro, duk sanda ta mutu ka rubuta lokaci, me kake yi, minti nawa tayi a kunne, wace wuta take kai, ta nepa ce ko inji ko inbata ko batir. Kwana biyu kana haka zaka ga abin ya fara fito da kansa.

In ɗif take yi, fanka ta tsaya, fitila ta mutu, kuma sai bayan tayi minti ashirin ko talatin ko kuma sanda ka kunna gem ko kana haɗa bidiyo, sannan in ka sake kunna ta nan take sai ta mutu da wuri fiye da na farko, toh ka fara zargin zafi. In kuwa ba ruwanta da lokaci, wani sa'in minti biyu wani sa'in awa biyar, ko kuma daidai sanda firiza ta tashi ko aka jona dutsen guga, wannan wuta ce. In sai an motsa ta ko an bugi tebur take mutuwa, akwai abinda ya kwance a ciki ko bakin caja ya saki. In shuɗin sikirin take nunawa da rubutu sannan ta sake tashi, toh ram ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ko had disk ko direbobin Windows, ƙananan manhajojin nan da ke haɗa Windows da kayan cikin kwamfutar. A sababbin Windows 11 daga 2025 sikirin ɗin ya koma baƙi amma abu ɗaya ne. In kuma cikin natsuwa take rubuta Shutting down ta kashe kanta kamar kai ka umarce ta, wannan wani abu ne a ciki yake bada umarnin, ko dai wata manhaja, ko maɓallin kunnawa ne ya maƙale, ko batir ya ce ya ƙare.

Wani lokacin shuɗin sikirin ɗin walƙiya yake yi ya wuce baka ma gani ba, sai ka ɗauka ristatin kawai tayi. Domin ka tsayar da shi danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga yanzu in ta faɗi zata tsaya a nan, saika ɗauki hoton sikirin ɗin da wayarka, musamman kalmomin nan masu manyan baƙaƙe da ke ƙasa.

Sannan Windows tana da littafin da take rubuta duk abinda ya same ta. Mafi sauƙin karantawa shine ka sake danna Windows da R ka rubuta perfmon /rel, zai fito maka da jadawali na kwanaki, duk ranar da aka samu matsala da jan tambari a kanta, kuma zaka ga me aka sa sabo kafin ranar. Sau da yawa a nan zaka ga ashe ranar da wani sabuntawa ya shiga ko ka sa wata manhaja washegari abin ya fara. Mai zurfin kuma shine Event Viewer, ka shiga Windows Logs sannan System. Lambobi huɗu zaka nema: 41 mai suna Kernel-Power, 6008 mai nuna mutuwar bazata, 1001 mai suna BugCheck, da 1074.

Dan Allah a kula da 41 ɗin nan, don na sha ganin an sa mutum ya sayi sabon fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin disktof wuta, saboda ita. Kalmar Power da ke jikinta ce take ruɗar mutane. Abinda take cewa kawai shine kwamfutar ta tashi bayan bata mutu ta hanyar da ta dace ba, ko kai ka danne maɓalli ka kashe ta da ƙarfi sai ta rubuta 41, ko wuta aka ɗauke sai ta rubuta 41. Amfaninta shine ka buɗe ta ka duba Details wajen BugcheckCode, in sifili ne kuma babu 1001 a kusa da ita toh Windows bata ma samu damar yin kuka ba, galibi an yanke mata wuta ne kawai, wato zafi ko lantarki. In akwai lamba toh shuɗin sikirin ne. Ita kuma 1074 tana fito da sunan manhajar da ta bada umarnin kashewa, kaga an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Gwaji ɗaya mai arha kafin ka taɓa sukundireba: kunna ta ka shiga BIOS, shafin saitin nan da ke zuwa kafin Windows, yawanci da zarar ka kunna F2 zaka riƙa dannawa ko Delete, a HP kuma F10, ka barta a nan kamar awa ɗaya. A wannan wajen Windows bata ma tashi ba. In ta mutu a nan, shikenan magana ta ƙare, ba ruwan Windows ba ruwan bayros, duk wanda yace maka fomatin ka riƙe kuɗinka.

Zafi

Sauke HWMonitor ko Core Temp ko HWiNFO, duk kyauta ne kuma basa cin data sosai. Buɗe ka kalli zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In ba aikin komai take ba ya kamata ka ga wajen digiri 35 zuwa 55, a ɗakin da ba AC lokacin bazara ƙila ya ɗan haura. In tana aiki mai nauyi 70 zuwa 85 ba abin tada hankali bane, laftof ma takan leƙa 90. Yawancin firosesa na Intel iyakarsu wajen 100 ce, na AMD Ryzen da yawa 95, in suka kai nan sai su fara rage gudu da kansu, shi yasa zaka ga ta fara nauyi tana jan ƙafa kafin ta mutu, in hakan bai sauke zafin ba sai ta yanke wuta don kar ta ƙone. Wato mutuwar nan kare kanta take yi. In kaga 75 ko 80 alhali ba abinda ka buɗe, ko kuma kana buɗe bidiyo ya tsallake zuwa 95 cikin daƙiƙu, ka samo mai laifin.

Sa hannunka a bakin inda iska ke fita. Fanka na ihu amma iska ƙalilan ce ke fitowa? A toshe take. Ba ƙara ba iska? Ƙila fankar ta mutu ko wayarta ta zare. Tana ƙara kamar injin markaɗe? Ta kusa tafiya, nemi wata.

Yanzu shara. Kashe ta, zare wayar wuta, in laftof ce mai batir na cirewa ka cire, in na ciki ne da zarar ka buɗe bayan ka fara zare wayar batir ɗin kafin ka taɓa komai. Danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 ragowar wutar ta fita. Sannan ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki, musamman lokacin hunturu, kasan yadda kake taɓa ƙofar mota ko hannun mutum kaji ya ja ka, toh wannan ɗan jan ya isa ya kashe ram ko madabod, babban allon nan da komai ke jone a kansa. Kar kayi aikin a kan kafet ko bargo, sami tebur. Ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, notikan kuma ka jera su a kan takarda yadda suke a jikinta don ba tsayinsu ɗaya ba, in ka sa dogo a wajen gajere sai ya huda maka wani abu.

Fitar da ita tsakar gida ka hura da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa ko ka sa tsinke ya tare ta, in ka bari iska tana juya ta da gudun da ya fi ƙarfinta zata lalace. Kar ka hura da baki, yawu zai shiga. Buroshin fenti ƙarami mai laushi ko tsohon buroshin haƙori ya isa. A laftof wajen da ƙurar take taruwa ba a kan fankar bane, tsakanin fankar ne da siraran ƙarafan nan da ke bakin fita, kuma daga waje ba zaka ganta ba sai ka ɗaga fankar, shi yasa wasu zasu hura daga waje su ce sun share alhali tura ta suka ƙara yi ciki.

In ka share zafin bai sauka ba, toh man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ne ya bushe, man nan mai ruwan toka da masu gyara ke cewa fes. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga waje da yawa tun daga kamfani ba a taɓa canza musu ba, shekara bakwai takwas, zaka same shi ya zama kamar busasshen siminti. Kwance notikan ƙarfen, a laftof yawanci an rubuta musu lamba 1, 2, 3, 4, ka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan kana tsallakawa, ba ka zare ɗaya gaba ɗaya ba. In disktof ce mai tsohon AMD ka ɗan murza ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba sai ya taso da firosesan a manne ƙafafunsa su lanƙwashe. Goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta, bari ya bushe, ka ɗiga sabo a tsakiya kamar girman ƙwayar wake a disktof, a laftof kamar ƙwayar shinkafa, ka mayar ka ɗaure, matsewar ce zata baza shi. Ba a lafta shi kamar ana shafa bota a burodi. Kuma na ji masu cewa a sa makilin, wallahi kar ka fara, kwana kaɗan zai bushe ka koma inda ka fito. In fankar Intel ce mai ƙafafun roba huɗu da ake dannawa, duba ko ɗaya ta karye ko bata shiga ba, ƙafa ɗaya ta ɗaga ya isa zafi ya kai 100.

Sauran kuma ɗabi'a ce. A daina ɗora laftof a kan katifa da filo da darduma, ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti ne ko babban littafi ka sa mata, ko ka ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Disktof kuma a fito da ita daga cikin akwatin tebur ɗin nan mai ƙofa, a ɗaga ta daga ƙasa. In kana neman mafita ta wucin gadi kafin ka samu lokacin buɗewa, shiga Power Options, Change advanced power settings, Processor power management, ka mayar da Maximum processor state 99 maimakon 100, a kwamfutoci da yawa wannan yana hana firosesa ƙara gudun nan na musamman sai zafin ya sauka sosai.

Wuta

Fawa fak ɗin disktof in wuta ta yanke bai iya riƙe kwamfuta sai na wajen milisakan 16 zuwa 17, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Don haka irin ɗan lumshewar nan da ƙwan fitila ke yi in sumo ya tashi ko an jona hita, kai baka ɗauke shi komai ba, ita kuwa ya isa ta mutu. Ƙaramin inji ya fi kowa wannan halin. Gwajin mai sauƙi ne, cire ta daga ekstenshon ka jona kai tsaye a bango, canza soket, canza wayar wutar da wata, irin wayar ce ɗaya da ta monita da firinta da yawa. Ekstenshon ɗin nan masu arha da bakinsu ya yi baƙi ko filogi ke rawa a ciki, jefar da su ya fi. In da hali ɗauke ta ka kai gidan wani ko shagon da ke da tsayayyiyar wuta ta wuni a can. In bata mutu ba toh lafiyarta ƙalau, gidanka ne ke buƙatar sitabilaiza ko UPS, akwatin nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko mai gyaran wayoyin wuta.

Mai UPS kuma kar ya saki jiki. Ƙananan nan na 650VA batir ɗaya ne a cikinsu mai 12V 7Ah, kuma zafi yana cinye shi da wuri, shekara biyu uku ya gama. Fitilarsa na nan kore yana ƙara kamar mai aiki amma ba komai a ciki. Shiga BIOS, sannan ka zare UPS ɗin daga bango ka gani, in kwamfutar ta mutu nan take toh batir zaka canza ba UPS ɗin duka ba. Akwai kuma wasu fawa fak na zamani da basa shiri da inbata ko UPS da wutarsu ba tsantsar sine wave irin ta nepa bace, daidai lokacin sauyawa sai su ɗauke.

In wutar waje lafiya, sai fawa fak ɗin kansa. Alamarsa: mutuwa daidai sanda aiki yayi nauyi alhali zafi bai hau ba, ko ta mutu ta ƙi tashi sai ka zare waya ka jira, ko wari kamar roba na ƙuna, ko ka ƙara katin hoto babba a kan ƙaramin fawa fak. Fara da danna wayoyinsa su zauna daram, babbar mai ƙafa 24 da ƙaramar mai 4 ko 8 da ke kusa da firosesa. In kana da mita kuma ka iya, layin 12V ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25. Amma gaskiya mita tana iya nuna maka lafiya alhali in aka ɗora masa kaya sai ya durƙushe, hanyar da ta fi tabbas ita ce ka aro wani mai lafiya ka jona kwana ɗaya. Lura da cewa ƙananan disktof na ofis irin Dell OptiPlex da HP da Lenovo da yawa nasu fawa fak ɗin na musamman ne, bakinsa daban, ba kowanne zai shiga ba, wasu na Dell ma akwai ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayansu.

Abu biyu a nan ba wasa. Kar ka buɗe cikin fawa fak, ko a kashe yake akwai abubuwan da ke riƙe wuta mai ƙarfin da zata iya illata mutum, in ya lalace canza shi ake yi. Sannan tsofaffin da aka kawo daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, namu 230 ne, in yaro ya tura shi 115 ka jona sai dai kaji fas da hayaƙi.

Ga masu laftof, buɗe Command Prompt, baƙin shafin nan da ake rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai gaya maka inda ya ajiye fayil ɗin, ka buɗe ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity. In na biyun bai kai rabin na farkon ba batir ya tsufa, kuma irinsa ne zaka ga yana nuna 40 cikin ɗari kawai ya mutu. In na cirewa ne gwada ta da caja kaɗai ba batir, sannan da batir kaɗai ba caja, wanda ta mutu a kansa shine. Duba kuma rubutun da ke jikin caja, in laftof ɗin 65W ko 90W take so ka bata 45W ko jabun nan marasa nauyi kamar ba komai a ciki, zata riƙa ja har ta gaza. Ɗan girgiza bakin cajar kaga ko fitila na ɗaukewa. In kuma ka lura wajen linzamin taɓawa ya taso ko bayanta ya kumbura ta daina zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura, daina caji yanzu-yanzu, kar ka matsa shi kar ka huda shi, a cire.

Ram da had disk

In shuɗin sikirin ne kuma kullum da sunan da yake zuwa da shi, yau MEMORY_MANAGEMENT gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL jibi wani daban, ni ram nake fara taɓawa. Kashe, zare wuta, buɗe ƴan maƙallan gefe ka zaro shi, goge ƙafafun zinaren nan a hankali da kilinar fensir, hure ramin, ka mayar har kaji ƙas. In biyu ne gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka bashi wuni, kuma ka gwada a rami daban don wani sa'in ramin ne ba ram ɗin ba. Windows na da nata gwajin, rubuta mdsched ka bari ta sake tashi, amma MemTest86 da ake sawa a filash ya fi shi tsanani, zagaye huɗu yake yi, barshi ya kwana in wuta ta yarda. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, ram ɗin ba lafiya. In an kunna XMP a BIOS, wato saitin da ke ƙara wa ram gudu, ko an taɓa ƙara wa firosesa gudu, mayar da komai yadda ya zo daga kamfani tukunna. HP da Dell ma suna da gwajinsu a ciki, a HP danna Esc sannan F2 lokacin tashi, a Dell F12 ka zaɓi Diagnostics.

Had disk kuwa CrystalDiskInfo zai gaya maka, Good shuɗi, Caution rawaya, Bad ja. In kaga rawaya, ko tana daskarewa fitilar disk na kunne ba motsi, ko kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, ko sikirin na cewa KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ko CRITICAL_PROCESS_DIED, kwashe kayanka tukun. Kar ka fara da chkdsk /r, umarnin nan na bincike da gyaran disk, a kan disk mai ciwo, awanni yake yana wahalar da shi, sai ana kukan targaɗe a samu karaya. Sayi SSD, sabon nau'in disk ɗin nan da ba abin juyawa a cikinsa, ka huta, har gudu zata ƙara.

Sai yanzu muka zo kan Windows

Riƙe Shift ka danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Wannan shine Safe Mode, ba abinda ke tashi sai dole. In a nan ta zauna lafiya toh wani direba ne ko manhaja, duk da dai ka sani a Safe Mode bata aiki mai nauyi don haka bata zafi sosai, kar wannan ya ruɗe ka. BlueScreenView ko WhoCrashed zasu karanta fayilolin da ke C:\Windows\Minidump su faɗi sunan direban da ake zargi. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne, shiga Device Manager ka yi Roll Back Driver ko ka cire shi ka sauke na shafin kamfanin, ka rabu da manhajojin nan masu cewa zasu sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, gyaran gangar Auzinawa suke yi. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa yawanci ba na Windows bane, koma kan zafi da wuta. Zare duk abinda ke jone a USB sai kibod da linzami, na taɓa ganin bakin USB da ƙarfensa ya lanƙwashe yana haɗa wuta yana kashe kwamfuta.

Daga nan buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta sfc /scannow, in yace ya kasa gyara wasu sai ka bi da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, shi wannan yana son intanet, sannan ka maimaita na farkon. In anti-bayros biyu ne a ciki cire ɗaya, faɗa suke yi. Yi Microsoft Defender Offline scan daga Windows Security. Bayros na iya kashe kwamfuta kam, waɗanda suka yi zamanin kafe zasu tuna Blaster na 2003 da ke fito da ƙirgen daƙiƙa 60 a Windows XP sannan ta sake tashi, amma na yanzu sun fi son ta zauna a kunne suna haƙar kirifto da ita a ɓoye, kuma ta hanyar manhajojin kirak suke shigowa. Buɗe Task Manager, in firosesa na kan 90 ko 100 baka buɗe komai ba, duba wa ke ci. Kuma kar wani ya ce maka don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 shi yasa take mutuwa, wancan maganar tsaro ce daban.

In har yanzu kana kokwanto, sa Linux Mint ko Ubuntu, wato wani tsarin daban da ba Windows ba, a filash da manhajar Rufus, ka tashi daga filash ɗin ba tare da ka sa shi a kwamfutar ba, kayi kallo kayi lilo a intanet na wasu awanni. Ta zauna lafiya, toh yanzu fomatin yana da hujja. Ta mutu a nan ma, toh ciwon a kayan cikinta yake ba a Windows ba.

Duk wannan ka riƙa canza abu ɗaya kana jira. In ka share fanka ka canza ram ka sake Windows duk rana ɗaya, ko ta warke baka san me ya warkar da ita ba, in ta dawo sai ka faro daga farko.

In ka bi duk wannan bata daina ba saura madabod. Haska tocila ka duba ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da firosesa, samansu ya kamata ya zama a shafe, in kaga wani ya kumbura ko ya fitar da abu mai ruwan ƙasa ya mutu, tsofaffin kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan sosai. Duba alamar ƙuna ko tsatsa ko inda shayi ya taɓa zuba, har kyankyasai da ƙadangaru ƙanana ana samu a ciki. Zare wayar maɓallin kunnawa da ta ristat ka gwada ko su ne suka maƙale. In agogonta kullum komawa baya yake, canza ɗan batir ɗin nan mai kamar kwabo, CR2032, ba tsada.

Daga nan sai mai gyaran bod na gaske, mai mita da abin walda ba mai filash ɗin Windows a aljihu ba. Tafi da takardar da ka rubuta da hotunan sikirin, kace masa Malam ga abinda na gwada, tana mutuwa ko a BIOS, na canza ram na aro fawa fak duk ɗaya. Cire had disk ɗinka ka bari a gida in zai yiwu, rubuta girman ram ɗinka da lambar jikin batir kafin ka miƙa, sannan ka tambayi kuɗin aikin ka kwatanta da kuɗin wani bod ɗin na hannu kafin kace ya taɓa.